Mutuwa da Alƙalami: Neman Bayanan Mamata da Takardar Shaidar Rasuwa a Unguwar Sabo ta Ibadan



Gabatarwa

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rayuwa da mutuwa suke a hannunsa, da salati ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa, ina neman izininku in yi magana a kan wani al'amari wanda a farkon ji ƙarami ne, har mai sauraro ya ce me ya kawo shi majalisar ilmi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa da marayu a gaban ma'aikacin banki, ko ya raka mai takaba ofishin fansho, aka dube su aka ce su koma sai sun zo da takarda, alhali kuwa unguwa duka ta halarci jana'izar wanda ake magana a kansa, ya san cewa ƙanƙantar al'amarin a baki take kawai. Abin da nake nufi shi ne rubuta mutuwa: inda ake rubuta ta, da yadda ake neman abin da aka rubuta bayan shekaru sun shuɗe, da hanyar samun takardar shaida mai hatimi wadda hukuma za ta karɓa.

Na taƙaita maganata ga unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda Hausawa suke kira Badun, domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili: jama'a ce Musulma, mai bin mazhabar Imamu Malik, wadda ta zauna fiye da shekara 100 a ƙasar da ba ta alƙalai ba, rabin danginta suna Arewa, dukiyarta kuwa tana Kurmi. Manufata ita ce in nuna cewa takardar shaidar rasuwa, wadda wasunmu suke ɗauka kayan Nasara ce, hidima take yi wa abin da shari'a ta riga ta wajabta, wato tsare haƙƙin magada, da kuma cewa Sabo tana da duk abin da ake bukata don ta riƙa rubuta mamatanta da hannunta.

Sabo da al'adar amana

An keɓe wa Hausawan Ibadan unguwar Sabo a shekarar 1916, kusa da Mokola, bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901 ya kuma kai Kano a 1911, har fataucin shanu zuwa Kudu da na goro zuwa Arewa ya bunƙasa ƙwarai. Masanin zamantakewar al'umma Abner Cohen, wanda ya yi bincikensa a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969, ya bayyana yadda wannan ciniki mai yawan dukiya yake tafiya bisa amana: bafatake ya sauka gidan maigidansa, ya damƙa masa shanunsa, dillalai su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya lamuni, a biya bayan makonni, ba tare da an sa hannu a wata takarda ba. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sanin juna, da tsoron zubewar mutunci, da ikon Sarkin Hausawa, da haɗin kan da ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙara wa unguwar tun farkon shekarun 1950, lokacin da ta tsai da Juma'arta ita kaɗai.

Jama'ar da take iya sayar da garke guda da kalmar baki ba abin mamaki ba ne idan ta ga babu bukatar rubuta mutuwa. Mu ƙaddara wani dattijo mai sayar da goro, wanda aka haifa a wani ƙauye na ƙasar Kano, ya zo Sabo yana saurayi, ya yi aure a nan ya bar wata matar a gida. Ajali ya riske shi a ɗakinsa da asuba, ladan ya sanar, aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, domin gaggauta jana'iza sunna ce. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, aka aika Arewa. Ba a kafa allon dutse mai suna a kabarinsa ba, don ba al'adarmu ba ce. Ba a buga hotonsa a jarida ba, kamar yadda maƙwabtanmu Yarbawa suka saba yi a irin su Nigerian Tribune, wadda ake bugawa a Ibadan tun 1949. Mutum ɗari uku sun shaida rasuwarsa, amma alƙalami ko ɗaya bai shaida ba. Wannan dattijo zan riƙa komawa gare shi, domin bayan shekara goma sha, idan 'ya'yansa suka gano yana da ajiya a banki, ko rigimar gida ta taso tsakanin ɗakin Sabo da ɗakin Arewa, a lokacin ne za a tarar cewa liman ya rasu, maƙwabci ya ƙaura, waɗanda suka rage kuwa kowa da shekarar da yake faɗa.

Abin da shari'a ta rataya ga lokacin mutuwa

Malaman fiƙihu sun fi kowa sanin cewa hukunce-hukunce da dama sun rataya ne ga tabbatar mutuwa da sanin lokacinta. Takabar mace wata 4 ce da kwana 10, ko haihuwa idan tana da ciki, kuma daga ranar rasuwa ake fara lissafi. Matar da take Arewa, wadda labari bai iske ta ba sai bayan wata guda, tana bukatar a faɗa mata ranar daidai. Tarika ba ta rabuwa sai an fitar da kuɗin sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, bashin da aka yanka wa ajali kuwa yakan zama na biya nan take da mutuwar wanda ake bi. Sharaɗin gādo shi ne a tabbatar magaji yana raye bayan mamaci, saboda haka idan uba da ɗa suka rasu a haɗarin mota guda, a hanyar Ilorin ko ta Jebba da Mokwa wadda mutanenmu suke bi dare da rana, aka kasa sanin wanda ya riga wani, to a mazhabar Malik ba sa gādon juna. Idan kuwa an san ɗan ya kai asibiti da rai ya cika bayan sa'a biyu, rabon duka ya sāke. Sa'a biyu a rubuce suna iya mayar da gida daga wannan ɗaki zuwa wancan. Haka kuma babin munasaha, inda magaji yake rasuwa kafin a raba gādon farko, ba ya warwaruwa sai an jera mace-macen bi da bi.

Akwai kuma mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba, irin wanda ya fita fatauci bai dawo ba, ko aka neme shi aka rasa bayan wata fitina kamar ta kasuwar Shasha a Fabrairun 2021. Hukuncin da aka sani a littattafanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil, shi ne matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi cikin zaman lafiya ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi iddar mutuwa, dukiyarsa kuwa ta jira har ya kai shekarun da ba a cika wucewa ba, wato 70 a mashhurin zance. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 kuma ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin matacce idan aka shekara 7 waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wa'adodi sai an san ranar da za a fara ƙirga shi.

Rubuta wafati kuwa tsohon ilmi ne a wurin Musulmi. Ibn Hallikan, wanda ya rasu a 1282, ya gina littafinsa Wafayatul A'ayan a kan shekarun rasuwar manyan mutane. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya bi wannan tafarki game da malaman Malikiyya. Malaman ƙasar Hausa kuma sun saba ƙulle shekara cikin ramzi a ƙarshen waƙoƙinsu, su rubuta ranar rasuwar shaihinsu a bangon littafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Abin da ya rage mana shi ne mu shimfiɗa wa talaka gatan da muka keɓe wa malamai da sarakuna.

Dokar ƙasa da takardu uku

Rajistar haihuwa da mutuwa a wannan ƙasa ta faro ne daga Ikko, da wata doka ta 1863, aka faɗaɗa ta a 1917, aka sāke tsara ta a 1948, amma a zamanin Turawa ba ta game talakawa ba. Dokar da ake aiki da ita yau ita ce mai lamba 69 ta 1992, wadda ta wajabta rajistar kowace haihuwa da kowace mutuwa, ta kuma ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai dai Tsarin Mulki na 1999, wanda ya tabbatar wa hukumar wannan aiki, ya kuma lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, abin da ya sa har yau akan sami takardu iri biyu suna yawo, mai nema ya rasa wadda zai riƙa. Duk da wajabcin, ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne abin da ake rubutawa bai wuce kashi 10 cikin 100 na mace-macen ƙasar ba. A Nuwamban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin yin rajistar ta kwamfuta, wanda zai sauƙaƙa bincike nan gaba, amma ba zai haifar da abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Takardu uku ne mutanenmu suke cakuɗawa, duka su kira su takardar mutuwa, kuma rashin bambanta su shi ne asalin yawan zirga-zirgar banza. Ta farko ita ce takardar likita, wadda asibiti yake bayarwa idan mutum ya rasu a hannunsa, mai bayyana cutar da ta zama sanadi. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ita ce rajista ba, tsani ce zuwa gare ta. Ta biyu ita ce takardar rantsuwa, wadda ɗan'uwan mamaci yake yi a gaban kwamishinan rantsuwa a kotu, yana faɗin cewa wane ya rasu ran kaza a wuri kaza. Wannan maganar mai rantsuwar ce aka sa wa hatimi, kotu ba ta binciki gaskiyarta ba, wanda ya yi ƙarya a cikinta kuwa ya ɗauki laifin shaidar zur a nan duniya kafin a je lahira. Ta uku ita ce takardar shaidar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya, wadda ake cirowa daga littafin rajista da lambarta, ita ce kuma wadda banki da kamfanin fansho da sashen gādo na Babbar Kotu suka fi nema. Idan mutuwar ta haɗari ce ko ta kisa, akan ƙara da rahoton 'yan sanda da na majistare mai binciken sanadin mutuwa.

Wani abin lura ga mazaunin Sabo shi ne Jihar Oyo ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. A Kano ko Katsina alƙali ne yake rabon gādo, ya saurari shaidu ya rubuta hukunci; a Ibadan kuwa malamai suna raba wa magada bisa farilla a gida, ko a je kwamitin sulhu na shari'a mai zaman kansa da yake zama a babban masallacin Oja'ba tun 2002, amma kuɗin da ke banki ba ya fita sai da takardar izinin kula da tarika daga Babbar Kotun jiha, ita kuwa ba ta samuwa sai da shaidar rasuwa. Wato Bahaushen Sabo ya fi ɗan'uwansa na Arewa bukatar wannan takarda, ko da yake shi ne ya fi nesa da saba nemanta.

Inda ake bincike, da abin da ake fara yi

Mai neman bayanin mamaci ya fara daga gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A buɗe akwatin mamaci da gafakarsa: katin asibiti, fasfon aikin hajji, katin zaɓe, littafin banki, rasiɗin haraji, takardar fili, da bangon Alƙur'ani ko na Dala'ilu inda dattawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. A zauna da tsofaffin mata, waɗanda suka fi maza riƙe lissafi, tun da su ne suka yi takaba suka ƙirga kwanakinta. Kafin a taka ƙafa zuwa kowane ofis, a tabbatar an san abu huɗu: sunan da mamaci yake amfani da shi a takardun hukuma, da wurin da ya cika, da shekarar ko da kusa-kusa, da wanda ya tsaya a kan gawarsa.

Idan a asibiti ya rasu, sashen ajiye bayanan marasa lafiya shi ne zango na biyu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, da asibitin Adeoyo, da sauran asibitocin gwamnati da na kuɗi, suna da littattafan kwanciya da na ɗakin ajiye gawa, kuma lambar katin mara lafiya ta fi sunansa saurin fito da fayil. A rubuta takardar roƙo, a haɗa da shaidar dangantaka, domin asibiti ba ya buɗe sirrin mara lafiya ga kowa.

Zango na uku shi ne mai rajista na Hukumar Ƙidaya. Ƙa'ida ita ce ana rubuta mutuwa a yankin da ta auku, ba a garin asalin mamaci ba. Rashin sanin haka ne kuskuren da magadan dattijonmu za su fara yi, su tafi Kano neman abin da yake Ibadan. Sabo tana cikin Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, mai hedkwata a Agodi, kuma hukumar tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi da manyan asibitoci, da ofishin jiha da ake komawa idan abu ya gagara. Idan an taɓa yin rajista, a nemi a duba littafi a fitar da kofe. Idan ba a taɓa yi ba, kamar yadda ya fi yawa ga wanda ya rasu a gida, doka ta buɗe ƙofar rajistar da ta makara, sai dai akan nemi takardar rantsuwa da shaidar mai kawo bayani, kuma gwargwadon nisan lokaci gwargwadon yawan sharuɗɗa.

Mutuwar da ta gabaci 1992 ta fi wuyar nema, saboda littattafanta, idan akwai su, suna hannun ƙananan hukumomi ko ofisoshin lafiya na da. A nan sai a tuna cewa hukumar birnin Ibadan, wadda ta daɗe tana zaune a Mapo, an raba ta gida 5 a 1991, tsofaffin littattafai kuwa ba sa rabuwa kamar yadda ake raba ƙasa a taswira. Mai bincike ya tambaya a Agodi, ya kuma tambaya a Mapo. Wanda yake neman kakanni na zamanin Turawa, don tarihi ko don rigimar gida, sai ya nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, wanda aka kafa a 1954 da himmar Kenneth Dike. Ba jerin mamata zai tarar ba. Fayilolin Lardin Oyo da na Gundumar Ibadan ne, masu ɗauke da koke-koke da wasiƙu game da sarautar Sabo da filaye da kasuwanci, inda sunan maigida yakan bayyana a wata shekara, a wata kuma a ambace shi da marigayi, sai mai hankali ya kewaye shekarar rasuwarsa tsakanin biyun.

Zango na ƙarshe, wanda sau da yawa ya fi sauran albarka, shi ne fadar Sarkin Hausawa da limamai da masu wankan gawa da masu haƙar kabari da shugabannin 'yan goro da na kara. Malikiyya sun yarda da shahadar sima'i, wato shaidar abin da ya yaɗu a bakin amintattu, wajen tabbatar da mutuwar da ta daɗe, kamar yadda aka yi bayani a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Wasiƙa daga fada ko daga liman, mai ɗauke da sunayen dattawa biyu adilai da suka halarci jana'iza, ba za ta maye gurbin takardar hukuma ba, amma ita ce ginshiƙin da takardar rantsuwa take tsayawa a kai.

Suna da kwanan wata

Abu biyu ne suka fi ɓatar da mai bincike a Sabo. Na farko suna. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da sunan rana irin Ɗanladi ko Ɗanjuma, yana da laƙabin sana'a ko na gari, ga kuma alkunya, wadda take hana mace kiran sunan mijinta, ta hana iyaye kiran sunan ɗan fari, har jikoki su girma ba su taɓa jin sunan kakansu na gaskiya ba. Idan aka kai mara lafiya asibiti cikin gaggawa, sunan da ya zo bakin mai rakiya shi ake rubutawa, magatakarda Bayarabe kuma ya rubuta shi yadda kunnensa ya saba: Abubakar ya koma Bakare, Ibrahim ya koma Buraimo, Abdulhamid ya koma Lamidi. Mai bincike ya tafi da dukan sunayen a rubuce, ya roƙi a duba kowane. Mai yin sabuwar rajista kuwa ya tabbatar sunan da za a sa ya dace harafi da harafi da wanda ke banki da katin zama ɗan ƙasa, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa a mayar da marayu gida.

Na biyu kwanan wata. Tsofaffinmu da watan Musulunci suke lissafi, wanda shekararsa ta gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, ranarsa kuma daga faɗuwar rana take kamawa, har wanda ya rasu daren Juma'a a bakinmu ya zama ya rasu ranar Alhamis a littafin asibiti. Sukan kuma ɗaure shekara ga wani babban abu: shekarar da aka canja fam zuwa naira, wato 1973; shekarar ambaliyar Ogunpa, wato ƙarshen Agustan 1980, wadda ba a so a rikita ta da ta Agustan 2011; ko canjin kuɗi na 1984. Idan tsohuwa ta ce malam ya rasu kwana uku bayan babbar salla a shekarar canjin kuɗi, ta ba da rana cikakkiya ga wanda ya iya tambayar wane canjin, ya kuma iya juya kalanda. Abin da ba ya halatta shi ne a ƙaga rana don a cika takarda, domin ranar da aka ƙaga yau ita ce za ta hana wani gādonsa gobe.

Kofe mai hatimi

Takarda ta asali guda ɗaya ce, masu nemanta kuwa da yawa: banki, da kamfanin fansho bisa dokar fansho ta 2014, da kamfanin inshora, da ofishin filaye, da kotu. Hoton da aka ɗauka a shagon kwafi ba hujja ba ne. Dokar Shaida ta 2011 ta sharɗanta cewa kofen takardar hukuma ba ya karɓuwa sai ma'aikacin da asalin yake hannunsa ya rubuta a jikinsa cewa ya dace da asali, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa da hatimi, bayan an biya kuɗin da aka ƙayyade. Saboda haka daga ofishin da ya ba da takarda ake neman kofenta, a karɓi rasiɗi, a nemi kofe fiye da ɗaya tun da farko, a ɓoye ta asali. Idan za a kai ta wata ƙasa, kamar Nijar ko Gana ko Saudiyya inda mutanen Sabo suke da dangi da dukiya, akan bukaci Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da ita, sannan ofishin jakadancin ƙasar. A kuma yi hattara da 'yan kan-ta-waye da ke tsaye a bakin ofisoshi suna alkawarin takarda cikin sa'a guda, domin takardar da ba ta da lamba a littafi ranar da aka bincika za ta tona wa mai ita asiri. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kammalawa da shawara

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa wahalar magadan dattijonmu ba daga mugun nufin kowa ta taso ba. Ta taso ne daga tazarar da ke tsakanin ranar da mutum ɗari uku suka sani da ranar da aka nemi mutum biyu aka rasa. Maganinta kuwa a ranar jana'iza yake, tun ran gini ran zane.

Shawarata ta farko ita ce kowane masallacin da ake sallar gawa a Sabo ya ajiye littafi mai bango mai ƙarfi, a hannun na'ibi ko ladan, a rubuta abu bakwai kafin jama'a su watse: sunan yanka da na uba, da laƙabi, da garin asali, da rana da sa'a a lissafin Hijira da na Turawa, da wurin rasuwa, da maƙabarta, da sunayen shaidu biyu, a boko da ajami. Ta biyu, fadar Sarkin Hausawa ta riƙa tattara kofen waɗannan littattafai duk wata, ta kuma wakilta wani saurayi mai jin Hausa da Yarbanci da Turanci wanda zai raka iyalan mamaci wurin mai rajista kafin sadakar bakwai, tun ana tare, tun ba a kai ga rajistar makara ba. Ta uku, a roƙi Hukumar Ƙidaya ta riƙa karɓar wannan littafi a matsayin madogara ga wanda ya rasu a gida, ta kuma riƙa turo ma'aikacinta unguwar a ranaku sanannu. Ta huɗu, malamai su shigar da wannan magana cikin karatun babin jana'iza da na farilla, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, kuma jama'armu abin da ta ji daga bakin malam shi take ɗauka addini. Ta biyar, ɗalibanmu na jami'a su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tun daga kafuwar unguwar, gwargwadon abin da ake iya tunawa, tun masu tunawar suna nan.

Kuɗin wannan aiki bai kai na huhun goro ɗaya ba, kuma unguwar da ta riƙe amanar fatake shekara da shekaru ba za ta gaza riƙe littafi guda ba. Allah ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a ƙasar Badun, waɗanda aka rubuta da waɗanda ba a rubuta ba, ya kyautata namu zuwan. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina kuma sauraron gyaran malamai.